Victoria Ravva, Sarauniyar Ragar Cannes

Daga 1998 har zuwa 2015, babu wata ƙungiyar mata a Faransa da ta ɗaga kofin gasar ƙwallon raga ta ƙasa in ba RC Cannes ba. Kaka 18 a jere, ba fashi! Jaririyar da aka raɗa wa suna a shekarar da aka soma wannan cin kofi, sai da ta zama budurwa tana shirin gama sakandare kafin abin ya yanke. A tsawon wannan lokaci 'yan wasa sun zo sun tafi, 'yan gida da baƙi, har dokokin wasan ma an sake musu fasali. Amma ɗauko duk hoton da ka ga dama na ranar ɗaga kofi, za ka tarar da wata doguwar mace mai gashi ruwan zinare, lamba 12 a rigarta, bakinta har kunne. Ita ce Victoria Ravva, wadda 'yan kallo a Cannes suke kira Vika.

Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu cewa Faransa ba ta taɓa samun 'yar ƙwallon raga kamarta ba. Wanda ya ce na cika zuzutawa, ya zo mu zauna mu ƙirga: kofin lig 19, Kofin Faransa 18, kofin Zakarun Turai 2, duka a riga ɗaya, cikin shekara 20. To amma ba tarin kofuna ne ya sa wasanta ya shiga raina ba. Abu biyu ne: wurin da take tsayawa a fili, wanda shi ne ya fi kowane wahala kuma ya fi kowane ƙarancin yabo, da kuma yadda ta kama gari ɗaya ta riƙe shi gam a zamanin da kowa ke bin inda kuɗi ya fi tsoka.

Ba a Faransa aka haife ta ba. A Tbilisi ne, babban birnin Jojiya, ranar 31 ga Oktoba, 1975, lokacin ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Tun tana 'yar budurwa wasa ya raba ta da gida ya kai ta Baku. Tana da shekara 16 Tarayyar ta wargaje, birnin haihuwarta ya faɗa cikin yaƙin basasa, kowa yana neman inda zai sa kansa. Ita kuwa tana can tana tsalle a gaban raga. A 1994 ta buga wa Azarbaijan gasar cin kofin duniya a Brazil, ta taɓa wasa a Ankara ta Turkiyya, sannan a 1995, ba ta ko cika shekara 20 ba, ta sauka a Cannes. Yarinya ce baƙuwa a garin da duniya ta sani da bikin fina-finai da otal-otal na bakin teku, ba da ƙwallon raga ba. Wa zai ce a nan za ta girma, ta haihu, ta yi ritaya?

Allah ya haɗa ta da mutum biyu. Akwai shugabar ƙungiyar, Anny Courtade, 'yar kasuwa mai zafin nama wadda ta ɗauki ƙungiyar kamar 'ya'yan cikinta. Akwai kuma koci Yan Fang, mutumin ƙasar Sin, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana horar da Cannes. Wannan haɗi shi ne sirrin abin, a ganina. Ravva ta fito daga makarantar Sobiyet, inda ake gina 'yar wasa a kan tsayi da ƙarfin duka da juriya. Yan Fang kuma ya fito daga ƙasar da matanta suka lashe manyan kofunan duniya biyar a jere tsakanin 1981 da 1986, da wasan sauri, da yaudarar abokin hamayya, da maimaita motsi ɗaya a atisaye har ya zama jini da tsoka. Ka ɗauki mace mai tsayin kusan mita 1.90 da ƙarfin hannu irin na 'yan Sobiyet, ka koya mata sauri irin na Sinawa. Me kake tsammanin zai fito?

Sai mutum ya fahimci aikin 'yar tsakiya kafin ya san darajar wannan baiwar Allah. Ragar mata tsayinta mita 2.24 ne, filin kuma tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9, mutum shida nan, shida can. Kowane ɓangare taɓawa uku gare shi: ɗaya ta tari ƙwallo, ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta doka. Masu doka ƙwallo daga gefe su ne 'yan lelen 'yan kallo, domin su ake ɗaga wa ƙwallo sama sosai, su taho da gudu, su kafta, zaure ya ɗauki sowa. Ita kuwa 'yar tsakiya, faɗin ragar nan gaba ɗaya amanarta ne. Idan ƙwallo yana hannun abokan hamayya, idonta ba ya kan ƙwallon, yana kan mai ɗagawa ta can ɓangaren: yadda ta karkata kafaɗa, yadda ta lanƙwasa baya, inda yatsunta suka dosa. Cikin ƙiftawar ido za ta yanke hukunci, hagu ne, dama ne, ko tsakiya. Taku biyu ko uku a kaikaice, ta manne kafaɗarta da ta abokiyar wasanta, su tashi tare, hannaye su ƙetara raga, yatsu a ware, tafin hannu yana kallon ƙasan filin abokan gaba. In ta makara da rabin taku, sai a bar kafa tsakanin su biyun, ƙwallo ya ratsa ta nan, masu tsaron baya kuma ba su ga tahowarsa ba.

Kalli Vika a wannan aiki, ka sha kallo. Ba ta rawar jiki, ba ta tsallen banza. Tana tsaye ƙafafu a ɗan buɗe, hannaye a ɗage daidai kafaɗa, kamar ba abin da ya dame ta. Sai ka ga ta ɓace daga tsakiya ta bayyana a gefe. Ƙarar da ƙwallo ke yi in ya daki tafin hannunta ya koma ƙasa, tun mai dukan ba ta gama saukowa ba, wallahi babu abin da ya fi ta daɗin ji a wannan wasa. Kuma tarewa irin wannan ba maki ɗaya kawai take ci ba. Mai dukan da aka mayar wa ƙwallonta a fuska sau biyu, a karo na uku za ka ga hannunta ya yi sanyi, ta fara neman kauce wa katanga, ta watsa ƙwallo waje da kanta.

A wajen kai hari ma aikin 'yar tsakiya na daban ne. Ita ba ta jiran a ɗaga mata. Tana tashi sama ne tun ƙwallo bai isa hannun mai ɗagawa ba, hannunta a ɗane, da yaƙinin cewa za a miƙo mata shi a iska. Sau da yawa ba a miƙowa. Tsallen nata yaudara ce, don 'yar tsakiyar can ɓangaren ta biyo ta, a bar mai dukan gefe da mutum ɗaya tak a gabanta. Ta sauko, ta ja baya, ta sake tahowa, ta sake tashi, haka har a tashi wasa. Gwiwa da idon sawu su ke biyan kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ita ta buɗe hanya, wata ta ci maki, wata aka tafa wa. Amma ranar da aka ba ta ƙwallon fa? Akwai wani salo da take zagayawa ta bayan mai ɗagawa, tana gudu a gefen raga, ta tashi da ƙafa ɗaya, jikinta yana tafiya a iska zuwa wajen sandar gefe, ta sare ƙwallo kafin masu tarewa su iso. Kowa a zauren ya san abin da za ta yi. Abokan hamayya sun sani, kocinsu ya sani, sun kalli bidiyonsa har sun gaji. Duk da haka ƙwallon sai ya sauka.

Ga wani ƙarin abin mamaki. Tun da aka shigo da libero a 1998, wato 'yar tsaron baya mai riga daban, galibi 'yar tsakiya takan fita ne idan juyi ya kai ta layin baya, bayan ta gama bugun farko. Ke nan kusan rabin wasa tana waje. A wannan zamani ne kuma aka koma ƙirga maki a kowace fafatawa, zubi ɗaya maki 25, zubi na biyar maki 15. Ravva ta fara wasa da tsohuwar doka, ta yi sarauta da sabuwa. Kuma daga wannan gurbi, na mai rabin lokaci a fili, aka zaɓe ta gwarzuwar zagayen ƙarshe na Gasar Zakarun Turai har sau uku: 2002 da 2003 da 2006. Ku nuna mini 'yan tsakiya nawa ne suka yi haka.

Shekarar 2002 ita ce ta buɗe ido. An taru a Istanbul, Cannes ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da Bergamo ta Italiya. Bergamo fa ba kanwar lasa ba ce: ta ci wannan kofi a 1997 da 1999 da 2000, kuma a lokacin gasar Italiya ce matattarar gwanayen duniya, har ma tawagar ƙasarsu ta ci kofin duniya daga baya a wannan shekarar. Faransa kuwa ba wanda yake lissafi da ita a ƙwallon ragar mata. Cannes ta ci 3-1. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiyar mata ta Faransa ta zama zakarar Turai a wannan wasa. Mai ɗaga wa Vika ƙwallo a waɗannan shekaru ita ce Karine Salinas, Bafaranshiya, kuma dole a ambace ta, domin harin sauri irin na tsakiya ba ya yiwuwa sai mutum biyu sun zama kamar numfashinsu ɗaya.

Masu cewa sa'a ce ba su daɗe suna faɗa ba. A 2003, a garin Piła na ƙasar Polan, aka haɗa Cannes da Uralochka ta Yekaterinburg. Wannan wasan shi ne na fi so a duk tarihinta, saboda abin da ke bayansa. Uralochka ta ci kofin Turai sau 8. Kocinta Nikolai Karpol ne, dattijon nan da duniya ta sani da daka wa 'yan wasansa tsawa a lokacin hutu har jijiyar wuyansa ta tashi, wanda ya kai matan Sobiyet ga zinare a Olamfik na 1980 da 1988. Ƙungiyarsa ita ce ƙashin bayan tawagar Rasha da ta ci azurfa a Sydney a 2000. Wato makarantar da ta haifi irin su Ravva ce gaba ɗayanta ta tsaya a can ɓangaren raga, ga kuma 'yar Tbilisi a wannan ɓangaren sanye da rigar wani gari na bakin tekun Faransa. Aka tashi 3-1, kofi ya sake komawa Cannes. Kai, jama'a!

Daga nan duk wanda ya san harkar ya ɗauka tafiya za ta yi. Mai irin wannan suna ba ta rasa masu zawarci, kuma manyan kuɗin ƙwallon ragar mata ba a Faransa suke ba. Suna Italiya, daga baya suka koma Turkiyya da Rasha da Azarbaijan, ƙasashen da biyu daga cikinsu ta riga ta zauna ta san su. Ta ƙi motsawa. Ta karɓi takardar zama 'yar Faransa a 2002, ta zama kyaftin, ta zama fuskar ƙungiyar. Duk baƙuwar 'yar wasan da ta zo Cannes, a hannunta take koyon yadda ake yi a gidan. Nadia Centoni ta Italiya ta yi shekaru bakwai tare da ita tana ragargazar ƙwallo daga dama. Milena Rašić ta Sabiya ta zo tana yarinya a 2010, ta yi shekara huɗu tana raba gurbin tsakiya da Vika, ta tafi VakıfBank ta Istanbul, ta ci azurfa a Olamfik na 2016 da kofin duniya a 2018. Ba na cewa Ravva ce ta yi ta. Amma shekara huɗu kana atisaye kullum kusa da gwani, ba a tashi hannu rabbana.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 2006 aka kawo zagayen ƙarshe na Zakarun Turai gida, a zauren Palais des Victoires na Cannes, gaban 'yan garinsu. Suka kai wasan ƙarshe, Perugia ta Italiya ta doke su 3-1. Ita aka ba kyautar gwarzuwar gasa alhali ƙungiyarta ce ta sha kashi, abin da ba kasafai ake gani ba, kuma na tabbata da za a ba ta zaɓi da ta mayar da kyautar ta karɓi kofin. Bayan haka ta haifi tagwaye mata. Duk macen da ta haihu, ko namijin da ya ga abin da haihuwar tagwaye ke yi wa jikin mace, ya san me ake nufi da a ce mutum ya dawo yana tsalle ɗaruruwa a mako a gaban raga mai mita 2.24. Ta dawo, ba don a ce ta dawo ba, ta dawo ta ci gaba da cin kofi shekara bayan shekara.

A 2012 kuma sai ga abin da ko a fim aka shirya shi za a ce an yi ƙari. Zagayen ƙarshe na Zakarun Turai a Baku aka yi shi, garin da ta fara zama 'yar wasa. Ta koma tana da shekara 36, uwar 'ya'ya biyu, kyaftin, ta ja ƙungiyarta har wasan ƙarshe. Can suka gamu da Fenerbahçe mai tarin taurari, cikinsu har da Kim Yeon-koung ta Koriya ta Kudu, wadda a lokacin ba mai iya tare ta. Aka ci Cannes 3-0. Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Amma a duba tazarar: shekara 10 cif tsakanin wasan ƙarshenta na farko a Turai da na ƙarshe, a gurbin da yake cin gwiwa.

Na sha jin masu cewa ai gasar Faransa ba ta da ƙarfi, shi ya sa Cannes ta yi ta cin karenta ba babbaka. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ba a haɗa lig ɗin Faransa na wancan lokaci da na Italiya. Sai dai maganar tana da baki biyu. Ƙungiyar da ba ta samun gwaji mai tsanani a gida kowane mako, ita ce ya kamata ta sha wuya in ta fita Turai. Cannes kuwa ta kai wasan ƙarshe sau huɗu, ta ci biyu. Daga ina zafin ya fito, in ba daga zauren atisaye ba, inda koci ba ya sassauci, kyaftin kuma ba ta yarda a yi wasa da aiki? Sannan cin kofi sau ɗaya daban, hana kai gajiya da cin nasara daban. Kowace ƙungiya a Faransa wasanta da Cannes shi ne wasan shekara a wurinta, Mulhouse ta sha kai wa wasan ƙarshe tana komawa da hawaye. A ce shekara 18 ba a samu kaka ɗaya da aka yi sakaci ba, wannan hali ne, ba arha ba.

Abu ɗaya ne ya kuɓuce mata, kuma ba laifinta ba ne: ba ta taɓa taka filin Olamfik ba. Ta sa rigar Faransa, amma tawagar ƙasar a lokacin ba ta kai ta yi gogayya da su Rasha da Italiya ba. A wasan zaure sai ka tara gwanaye goma sha biyu, tauraruwa ɗaya ba ta isa ta ja ƙasa ba. Shi ya sa ƙofar da matan Faransa 'yan ƙwallon raga suka fara bi suka shiga Olamfik ita ce ta wasan rairayi, inda mutum biyu sun wadatar. A Atlanta a 1996, karon farko da aka sa ƙwallon raga na bakin teku cikin gasar, Brigitte Lesage, wadda ta yi suna a wasan zaure da tawagar ƙasa, ta tuɓe takalmi ta haɗa kai da Anabelle Prawerman suka wakilci Faransa. Can ba canji, ba libero, kowa sai ya tari ƙwallo, ya ɗaga, ya doka, ga rana ga iska. Tawagar zaure kuwa sai a 2024 ta samu shiga, da Paris ta karɓi baƙuncin gasar. 'Yan wasan tawagar, su Héléna Cazaute, sun haɗu da Sabiya da Sin da Amurka, ba su ci wasa ko ɗaya ba. Duk da haka na ji daɗin ganinsu, domin yara ne da suka tashi a ƙasar da in an ce ƙwallon ragar mata, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Ravva. Na so a ce wannan dama ta zo da shekara 20 kafin nan.

Ta ajiye wasa a watan Mayu na 2015, tana da shekara 39. Kakar ba ta zo da sauƙi ba, domin maƙwabtansu na Le Cannet, garin da ke manne da Cannes, sun ƙwace Kofin Faransa a hannunsu a wannan shekarar. Aka sake haɗuwa da su a wasan ƙarshe na lig, Cannes ta rama, Vika ta ɗaga kofinta na 19 ta yi sallama. Kakar da ta biyo baya, ta farko ba tare da ita ba, Saint-Raphaël ta doke Cannes a wasan ƙarshe ta ɗauke kofin. Mulhouse ta ci a 2017, Béziers a 2018, sai a 2019 Cannes ta sake ganinsa.

Shawarata ga duk mai son wannan wasa, musamman 'yan matan da Allah ya ba tsayi aka tura su tsakiya suna ganin kamar an rage musu matsayi: ku nemi bidiyon wasanninta a YouTube. Hoton wasu ya tsufa, ba komai. Ku daure ku ƙyale ƙwallon na tsawon zubi ɗaya, ku kafa wa lamba 12 ido kawai. Ku ƙirga sau nawa ta tashi sama ba a ba ta ba, ku duba inda 'yar tsakiyar can ɓangaren take a duk lokacin da ta yi hakan, sannan ku duba wace ce ta ci makin da kuma mutum nawa ne suka rage a gabanta.